Ƙarfen da Suruki Ya Aiko

Akwai wani mutum mai lambu a bayan wani ƙauye, yana noman albasa da tumatir da rani, da ruwan rijiya ɗaya tak da ke tsakiyar lambun. Mutumin nan Allah ya ba shi kai. In saniya ta ƙi cin ciyawa, shi ake tambaya. In maƙwabta sun yi gardama a kan iyakar gona, shi ake kira. Da yamma yakan zauna a gindin tsamiya yana ba da amsa, har ta tambayar da ba a yi masa ba. Magana ɗaya ce kawai bakinsa bai taɓa koya ba, wato "Ban sani ba."

Wata shekara rani ya yi tsanani, ruwan rijiyar ya yi ƙasa ƙwarai. Ya ƙara igiya, ya sake ƙarawa. Kafin ya shayar da rabin lambun, bayansa ya riƙe, tafin hannunsa ya saluɓe, ganyen tumatir kuwa ya fara yaushi. Hankalinsa ya tashi, gama lambun nan ne ke ciyar da gidansa har damina ta faɗi.

Matarsa 'yar wani babban maƙeri ce a wani gari mai ɗan nisa. Tsohon ya taɓa zuwa suna a gidan, ya daɗe yana leƙa rijiyar, sa'an nan ya koma garinsu. Ana cikin wannan wahala sai ga wani mai jaki ya sauke ƙunshi a ƙofar gida, ya ce, "Surukinka ya ce a ba ka. Ya ce da hannunsa ya ƙera maka, in ya iso ka je ka same shi ya nuna maka amfaninsa."

Da suka kwance sai suka ga wani ƙarfe zagayayye kamar faifai, yana juyawa a cikin mariƙinsa, da ƙugiya a sama. Gefensa kuma an yi masa kwari, ya zaga shi duka.

Matar ta ce, "Maigida, sai ka shirya gobe ka je wurin Baba."

Ya ce, "Haba, uwargida! In tashi takanas in je in tsare surukina da tambaya? Ai da kunya."

Kunya ya ce, amma ba ita ba ce. Abin da ya dame shi shi ne a ji a gindin tsamiya cewa akwai abin da ya gagare shi.

Sai ya zauna ya yi ta nazari. Ya juya ƙarfen, ya ƙwanƙwasa, ya sansana. Da fari ya ce abin niƙa ne. Matar ta murza barkono da shi, ya ɗan niƙu, sauran ya fantsama mata a ido. Ya ce a'a, ashe ƙararrawa ce. Ya rataye shi a bishiya yana bugawa, tsuntsaye suka gudu kwana biyu, daga baya suka dawo suna sauka a kansa. Sai ya ce yanzu kam ya gane, turke ne na zamani. Ya ɗaure akuya a jikinsa, akuya ta ja shi yana gangarawa a bayanta har cikin lambun, ta cinye tumatir ɗin da ya rage. Duk amsar da ya kawo, mutanen gindin tsamiya sai su gyaɗa kai su ce, "Lalle haka ne."

Abu ɗaya ya tsaya masa a rai, wato kwarin nan na gefe. Ya rasa dalilinsa, don haka ya yanke cewa kuskure ne, tsufa ya fara kama maƙerin. Ya kwaɓa laka ya cike kwarin tsaf, ya shafe, ya ji daɗin gyaran da ya yi.

Wata safiya ya shiga lambu ya tarar albasa ma ta kwanta. Ya jefa guga, ya ja, bayansa ya ƙi, igiyar ta suɓuce. Ya zauna a bakin rijiya, tsoro ya kama shi, gama ya ga yunwa tana dosar gidansa, dabararsa kuwa ta ƙare. Ya tashi ya ɗauki ƙarfen a ka, ya kama hanya.

Da ya isa maƙera ya tuɓe takalma, ya durƙusa ya yi gaisuwa, ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ban sani ba. Na yi iyakar ƙoƙarina, ban san abin da aka yi shi dominsa ba."

Tsohon ya ga lakar, ya yi dariya har da hawaye. Ya ce, "Ɗana, tun ranar da na aiko nake duban hanya. Tashi mu je."

Suka koma tare. Maƙerin ya kafa itace biyu a bakin rijiya, ya gitta na uku a sama, ya rataye ƙarfen da ƙugiyarsa. Ya sa wuƙa ya ƙwaƙule lakar, ya ɗora igiyar guga a cikin kwarin, ta zauna daram. Ya ce, "To, ja ƙasa." Mutumin ya ja, ƙarfen ya juya, guga ya fito cike da ruwa kamar ba nauyi. Matar ta rangaɗa guɗa. Shi kuwa ya yi ta ja yana dariya, ya ƙi ba kowa igiyar. Tumatir dai ya riga ya tafi, amma albasa ta farfaɗo, gidan ya ci har damina.

Ma'anar wannan misali, 'yan'uwa, ita ce: ƙarfen nan ranmu ne, maƙerin kuwa Allah ne wanda ya yi mu. Hikima baiwa ce mai kyau, ba wanda ya ce a yar da ita. Tana warkar da saniya, tana raba gardama. Amma ba ta iya gaya mana dalilin da ya sa muke a duniya, domin ba ita ta yi mu ba. Wani ya ce an yi mu ne don tara dukiya, wani ya ce don suna, wani ya ce don jin daɗi. Kowace amsa takan ɗan yi aiki kwana biyu, kamar ƙararrawar mutumin nan, sa'an nan ta bar mu da ƙishi.

Kwarin nan kuma, kowa yana da shi a zuciya, wani gurbi da ba abin da ke cika shi. Mukan zaci kuskure ne, mu yi ta cusa masa laka. Ba kuskure ba ne. Mahaliccinmu ya bar shi da gangan, domin nan ne wurinsa. Maganar Allah ta koya mana cewa hikima ta gaskiya daga tsoron Ubangiji take farawa, shi ne kuwa ya fara aiko mana da kira ta wurin Yesu Almasihu.

Saboda haka kada ka jira sai albasarka ta kwanta. A wannan mako, in ka durƙusa yin addu'a, ka faɗi maganar nan mai wuya, "Ya Uba, ban sani ba, ka nuna mini." Ba zai kore ka ba. Tun ranar da ya yi ka yake duban hanya.