Ɓarawon Ranar Juma'a

An yi wani mutum a nan Tamanrasset, ɗan ƙasarmu, wanda ba zan kama sunansa ba. Masu waige-waige ku huta, ba ya cikin sahun nan.

Aikinsa kula da ordinatoci, wato kwamfutoci, a wani kamfanin jigilar dabino. A hannunsa babbar na'urar take, wadda suke kira sarber, rumbun takardun kamfanin kaf. Ni mai yi muku bayanin nan, wayata ma sai uwargida ta buɗe mini, don haka in na yi tuntuɓe ku yi mini uzuri. Shi dai ya iya aikinsa. Ciwonsa ɗaya, zato. In an gaishe shi da fara'a, ya ce ana neman wani abu. In ba a gaishe shi ba, ya ce an gama ƙulla masa. Bai taɓa gaya wa kowa yadda ya tsara na'urorin ba, kada a ƙwace masa kujera.

Farkon zuwansa ya yi abin kirki. Ya saita sarber ta riƙa kwafe komai da kanta zuwa wani diski na ajiya, duk Juma'a da azahar, lokacin da buro, wato ofis, ke rufe. Ya ba aikin lamba maimakon suna. Shekaru suka ja. Ya san dai ana ajiya, amma ranar da lambar sun fita daga kansa.

Wata rana yana duba masu shiga sarber, sai ya ga wata lamba tana shigowa duk Juma'a tana kwasar takardu. Ya 'yan uwa, mai hankali da kansa zai fara. Shi kuwa har daɗi ya ji. Ga hujjar da ya daɗe yana jira.

Sai ya koma ƙirga fuskoki a masallaci. Liman na huɗuba, shi yana duba wa ya zo, wa bai zo ba. Na san masu gyangyaɗi a huɗubata, kuma na yafe musu. Gara mai barci da mai ƙirga. Mazan kamfanin duk suna nan. Juma'ar gaba ya bar salla, ya kulle kansa a buro, ya laɓe bayan kabad, ƙato da furfurarsa. Ba wanda ya taɓa ƙofa. Fitilun sarber suka hau ƙiftawa, takardu suka kwafu a gaban idonsa. Ya ce to, daga gida ake shigowa ta rezo, wato intanet.

Wa ke gida ranar Juma'a da azahar? Rakiyatu, sakatariya, mai riƙon marayu a unguwar Tahaggart. Ya kai sunanta wurin patron, mai kamfanin, Alhaji Badaru. Ta rantse, ta ce ko ordinatar ba ta da ita a ɗaki. Ya ce ai ɓarawo ba ya shanya kayan aikinsa. Alhaji bai san bambancin sarber da firji ba, sai ya gaskata masani, ya kore ta. Da za ta fita ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Malam, na bar ka da Allah."

Ya toshe lambar. Juma'a ta zo, shiru. Ya bi kowa yana cewa kun gani, tun da ta tafi an samu lafiya.

Da zafi ya kama, aka ɗauke wuta, ta dawo da ƙarfi, diskin sarber ya ƙone. Motoci sun yi lodi, 'yan dowan, wato kwastan, na jiran takardu. Ya ce kowa ya kwantar da hankali, akwai ajiya. Ya buɗe ta a gaban Alhaji. Kwafin ƙarshe na makon da aka kori Rakiyatu ne. Daga nan babu komai.

Alhaji bai san na'ura ba, amma ya san kwanan wata. Ya dube shi ya ce, "Ashe ɓarauniyar tamu ce ke yi mana ajiya?"

Da bakinsa ya ce, "Ni ne na saita ta, Alhaji."

Ranar ya miƙa makulli. Dabino ya daɗe a rana, 'yan kasuwa suka janye kayansu, labari ya zaga gari. Yau ko waya mai fasasshen gilashi ba mai ba shi gyara. Ya je Tahaggart neman gafara, ya tarar ta kwashi yaranta ta koma Damagaram. Maƙwabta suka ƙi ba shi lambarta. Kun ga laifinsu?

Ya 'yan uwa, Allah ya hana mu yawan zato da bin diddigin juna. Mutumin nan bai saci ko ƙwayar dabino ba. Zato kawai ya yi, ya bar sallarsa, ya ɓata sunan baiwar Allah, ya toshe alherin da ya shuka da hannunsa. Kafin ka kai sunan wani gaban mai iko, zauna ka tambayi kanka ko sawun da ka gani naka ne.

Allah ya kiyaye mu da mugun zato, ya tsare harsunanmu daga mutuncin bayinsa, kada ya kama mu da hakkin wanda ba za mu sake gani ba. Amin.