Keken da Tartsatsi Ya Haɗa da Hannunsa

An yi wani mutum, ya 'yan uwa, mai walda ne, kuma ba ƙaramin gwani ba. Saboda saurin hannunsa ake ce masa Tartsatsi. In ya haɗa maka ƙofa, sai dai gini ya rushe ya bar ta a tsaye. Ku gyara zama, don labarin nan ni kaina in na tuna shi sai tsikar jikina ta tashi.

Wata rana ƙungiyar masu lalurar ƙafa ta garin ta samu tallafi, za a yi wa mutanenta kekuna. Shugabansu mai gyaran agogo ne, shan-inna ta taɓa shi tun yana ƙarami. Ya turo kekensa har bakin shagon Tartsatsi, ya ce sun bincika, kowa sunansa yake kira. Sannan ya ce masa, "Malam, ba aikin keke muka kawo maka ba, ƙafafunmu muka kawo maka." Tartsatsi ya daki ƙirji ya ce an gama.

To, duk mai walda ya san wannan. Kafin ka haɗa ƙarfe biyu, sai ka fara ɗiga musu wuta nan da can, don su tsaya ka duba ko sun miƙe. Ɗigon nan riƙon ƙwarya ne kawai. Bayan shi ake bin gaɓar da wuta a zagaye ta kaf.

Tartsatsi ya dubi tulin kekuna, ya dubi ƙofofin manya da ke jiransa, sai Shaiɗan ya raɗa masa: wa zai leƙa ƙarƙashin kujera? Mutumin da ba ya iya tsugunawa? Shi ke nan! Gaɓar da ke ɗauke da nauyin mutum gaba ɗaya, ita ya bari a kan ɗigo. Ya cike ta da irin ƙullin nan da masu gyaran mota ke toshe rami da shi, ya goge, ya fesa shuɗin fenti. Kekuna suka fito suna ƙyalli, mutane na ta sa masa albarka, shi kuma yana amsa amin ba kunya.

Ba a jima ba keken wata malamar makaranta ya rabe da ita a tsakiyar titi, a gaban ɗalibanta, ta karye a kafaɗa. Da aka kawo masa keken, kafin wani ya duba ya ja shi cikin shago, ya bi gaɓar da wuta yadda ya kamata tun farko. Ya fito yana share gumi ya ce ramin titi ne, kuma Malama ai ta ɗan yi jiki. Har aka samu masu dariya. Ku ji fa! Ya karya ta, kuma ya mayar da ita abin dariya. Wannan ba gargaɗi ba ne daga Allah? Da ya kira sauran kekunan a ranar, da labarin ya ƙare a nan.

Kwanci-tashi, shi da yaran shagonsa suna sauke wata ƙatuwar ƙofar ƙarfe daga mota, ta suɓuce ta danne masa baya. Likitoci suka yi iya yinsu, amma ƙafa ta tafi. Jinya ta cinye injin walda, shago ya koma hannun wani.

A nan ku tsaya, ku ji ni da kyau. Kada wani ya ce wannan ce azabar. Rasa ƙafa ba azaba ba ce, jarrabawa ce, kuma tana samun bayin Allah na gari da suka fi ni suka fi ku. Azabar tana gaba.

Wa ya fara sallama a gidansa? Ba masu ƙofofi ba. Mai gyaran agogo ne, yana fara'a, an biyo shi da keke sabo fil wanda ya rage a ɗakin ajiyarsu. Ya ce masa kada ya karaya, su da ya gani duk suna sana'a. Ya ce ma za su buɗe wurin koyon aiki, sun sayi injin walda, kuma ba su da malamin da ya wuce shi, tunda walda hannu take so ba ƙafa ba. Matar Tartsatsi ta fashe da kukan murna, don ta ga abincin 'ya'yanta ya dawo.

Shi kuwa ido ya zuba wa keken. Shuɗin fenti ne. Ya zura hannu ƙarƙashin kujera, ya shafa, ya ji santsin ƙullin da ya goge da kansa. Cikin kekunan da ya haɗa ne.

Yanzu ina mafita? In ya ce a gyara keken, za a tambaye shi ta yaya ya sani. In ya yi shiru, shi zai hau. Kalma ɗaya ce tsakaninsa da tsira, ya ce na yi kuskure, a tattaro kekunan. Amma girman kai ya riƙe masa harshe. Ya samo waya ya ɗaure gaɓar a ɓoye. Matarsa ta tambaye shi, ya ce ado ne. In za ta tura shi, sai ya riƙa ce mata a hankali, a hankali, har ta fara tsokanarsa wai ko ƙwai ya ɗauko. Ya daina fita. A ransa ya ƙulla cewa ranar da ya isa gaban injin nan, zai faki ido ya gyara nasa, na sauran kuwa Allah ya kyauta.

Ranar buɗewa ta zo. Wurin yana ƙasa da titi, an zuba gangaren siminti mai kyau domin kekuna. Jama'a sun cika, Malama ma tana nan da kafaɗarta da ba ta koma daidai ba. Ga injin can yana hango shi, tsakaninsu gangaren nan ne kawai. Aka fara tafi, ana cewa ga malami ya iso. Matarsa da ke tura shi ta saki jiki don murna, keke ya ɗauki gudu, ya daki bakin siminti. Sai ji aka yi ƙas! Gaɓa ta balle, Tartsatsi ya kifa, hannun damansa ya shige cikin taya ya murɗe.

Cikin zafin ciwo, bai san sanda bakinsa ya suɓuce ba. Ya ce, "Wayyo, na san nan ne zai karye!"

Mai gyaran agogo ya ce a miƙo masa guntun ƙarfen. Ya juya shi, ƙullin yana zuba kamar alli, ga ɗigo nan tsirara, sauran duk tsatsa. Nan take kowa ya sa aka kifa kekensa, ana kankare fenti da makulli. Duk iri ɗaya. Malama kuwa kallonsa kawai ta yi. Matarsa ta sulale ta zauna a ƙasa, ta rufe fuska.

Su ɗin dai da ya cuta, su suka kai shi asibiti. Hannun ya warke, amma bai ƙara riƙe ko cokali da ƙarfi ba, balle sandar walda. Aikin koyarwa aka ba wani. Sunan da ake kira da yabo ya zama abin misali in an ga aikin ha'inci.

Ya 'yan uwa, haƙƙin mai lalura ba alfarma ba ne da kake yi masa in ka ga dama. Kai magini da ka yi gangare kamar tsauni don kawai a ce an yi, kai da ke ajiye mota a kan hanyar kekensu, kai ma'aikaci da ka bar shi a ƙasan bene yana jiran ka sauko, duk ɗigo kuke yi kuna rufewa da fenti. Ka ɗauka ba ya iya leƙawa? Wanda ya halicce shi yana gani. Kuma wa ya ba ka tabbacin ba kai za ka hau gobe ba?

Allah ya kiyaye mu daga cin amanar masu rauni, ya ba mu ikon faɗin kuskurenmu tun ƙarfe bai karye ba. Amin.