Amsa Daga Gindin Rijiya

An yi wani mutum, a wani birni can tsakiyar rairayi, wanda ya shigo gida da tsakar rana ya tarar da matarsa yashe a bakin murhu, ba ta motsi. Sunansa Arzika, sana'arsa yasar rijiya. Matar kuwa Ramma, shekara talatin suna tare, Allah bai ba su haihuwa ba. Ya taɓa goshinta ya ji kamar ya dafa tanda. Ya kira sunanta sau uku, ba ta amsa ba.

Ku saurara, jama'a, ku ji irin bazarar da ake ciki. Ba irin wannan da ta sa kuke ta fifita da hula a gabana ba. Bazara ce da tsuntsu kan faɗo daga sama matacce. Iska in ta buso, sai ka ce daga maƙera ta fito. Kasuwa kan watse tun hantsi, kowa ya rufe ƙofa ya kwanta yana jiran la'asar. Rijiyoyin unguwa duk sun ƙafe, saura ɗaya a bayan gari, wadda sai ka yi sammako ka kusa wuni kafin ka samo tulu guda.

To, Arzika yana da sirri. A tsakar gidansa akwai tsohuwar rijiya da ta mutu tun zamanin kakansa. Kwana tara yana shiga yana ƙwaƙule ta shi kaɗai, kuma a safiyar ranar nan ƙasa ta yi danshi, idon ruwa ya tsattsafo. Kaɗan ne ƙwarai: daga hantsi zuwa tsakar rana, ƙwarya ɗaya. Ko Ramma bai kai ga gaya wa ba.

Mai yasar rijiya ya san abin da saura ba su sani ba: duk garin babu wuri mai sanyi kamar gindin rijiya. Ya buɗe adudun Ramma, ya zaro wani zanen goyo da ta saya tun tana amarya, wanda bai taɓa ganin rana ba. Ya goya matarsa ya ɗaure tam, ya kama igiya, ya riƙa sa ƙafa a ramukan bango ɗaya bayan ɗaya, gaba goma sha biyu, har ya dira. Ya jingine ta, ya jiƙa gefen zanen yana shafa mata a fuska, yana ɗiga mata ruwa a baki da yatsa. Can sai ta buɗe ido, ta ga ƙasa ta ko'ina.

"Malam, har an binne ni ne?"

Ya yi dariya hawaye na zuba, ya ce mata rijiya ce. Ta shafa zanen, ta gane shi. Ta ce ashe duk shekarun nan kanta take ajiye wa. Sannan ta ɗora kai a kafaɗarsa, barci ya ɗauke ta.

Bai gama hamdala ba sai haske ya ragu daga sama. Wani kai ya leƙo. Yalwa ce, maƙwabciyarsu, mai jego, jaririnta ko arba'in bai yi ba. Ta ce ta ga laka a ƙafarsa sa'ad da ya wuce ƙofarta ɗazu, kuma a garin nan wata biyu ke nan ba wanda ya ga laka. Nononta ya ƙafe. Yaron tun safe ya daina ko kuka.

"Baba Arzika, don Allah ka gaya mini gaskiya. Akwai ruwa a ƙasan nan?"

Ku saurara, nan ne wurin. Arzika ya dubi ƙwaryar, saura rabi. Ya dubi Ramma, leɓɓanta duk a tsattsage. Ya sani sarai in ya ce akwai, kafin la'asar duk unguwa tana tsakar gidan nan, kuma ƙwarya ɗaya ba ta raya unguwa, ƙila ma ta kasa raya mutum ɗaya. Nan Shaiɗan ya matso, ya kawo masa kalma mai laushi: ka ce laka ce kawai. Ai ba ƙarya ka yi ba, akwai lakar. Kun san irin wannan kalma, ko? Wadda ba ƙarya ba ce a baki, amma ƙarya ce a zuci. Kuma wa zai gani? Gaba goma sha biyu cikin duhu.

Arzika ya ɗaga kai. "Akwai, 'yata. Kaɗan ne, amma akwai. Tsaya nan, ga ni nan hawowa."

Ya zaci Ramma barci take. Sai ya ji ta kwance zanen daga jikinta ta tura masa a hannu.

Ya hau, ya goyo jaririn da zanen nan, ya sauko, ya ɗora wa Ramma a cinya. Matar da ba ta iya ɗaga kanta, sai ga ta tana tsoma yatsa a rabin ƙwaryarta tana ɗiga wa ɗan wata mace. Ɗigo ɗaya, ɗigo biyu, ɗigo goma. Yaro ya motsa baki, ya murtuke fuska, ya tsandara kuka har rijiya ta amsa. A sama Yalwa ta durƙushe tana kuka ita ma. Ramma ta ce a rayuwarta ba ta taɓa jin waƙa mai daɗin wannan ba.

Abin da ya ji tsoro kuwa ya faru. Kafin la'asar tsakar gida ta cika maƙil, kowa da ƙoƙonsa. Arzika ya yanke doka: ludayi ɗaya-ɗaya, marasa lafiya da masu shayarwa tukun, Ramma ma ludayi ɗaya kamar kowa. Wasu suka zage shi, wai ya ɓoye sauran. Da ruwa ya taru sai ya kwashe har ƙasa, ya kankare da hannu, ya jira. Ya kwashe, ya kankare, ya jira, har farcensa suka fashe. Kwana biyu Ramma tana tsakanin a mutu a rayu, shi kuwa yana miƙa ruwa sama ta gaban fuskarta.

Amma idon rijiya, in ana kwasa, buɗewa yake. A kwana na uku ruwa ya rufe masa idon sawu. Ramma ta sha ƙwarya cike, ta ce yunwa take ji, kuma a fitar da ita, sanyi ya ishe ta.

Ya goyo ta ya hauro ke nan, ko zanen bai kwance ba, sai sallama a zaure. Wani dogon baƙo ne, rawaninsa fari fat da ƙura, muryarsa da ƙyar take fita. Ya ce shi madugu ne, ya baro mutum saba'in a bayan tudun rairayi, ruwansu ya ƙare tun shekaranjiya.

"An ce mini a gidan nan ne ba a cewa babu."

Arzika ya dubi rijiya. Ruwa iyakar idon sawu.

Nan zan tsaya, domin wannan sallamar a ƙofarku ake yin ta. Darasin a fili yake: wanda ya faɗi gaskiya a inda ba mai ganinsa, ya raba kaɗan ɗin da shi kansa yake bukata, Allah ba Ya barin idon rijiyarsa ya toshe. Kuma kada ku ce na yi jiya, na gama. Mai alheri kullum ana sake buga masa ƙofa. Zafin nan da muke ciki, wani a cikinku yana da randa mai sanyi, wani inuwar zaure, wani famfonsa na zuwa na maƙwabci ba ya zuwa. In kun koma gida za a tambaye ku, "Akwai?" Ku bar kalmar nan mai laushi. Ku ce kaɗan ne, amma akwai.