Manomin da Igiyarsa Ta Fi Tsawo

Ranar Talata ce, da rani. Rana ta yi zafi, babu ko iska.

Akwai wani mutum, manomin albasa, wanda garinsu yake bakin iyaka. Garin tsallake a wata ƙasa yake, amma harshensu ɗaya, kasuwarsu ɗaya, kuma fadama ɗaya ce tsakaninsu.

Iyayensu sun raba fadamar tuntuni. Sun yanka igiya biyu daga fatar bijimi guda, tsawo ɗaya, kowane gari ya ɗauki tasa. Ana farawa daga gindin tsamiyar da ke bakin garin manomin, a ja igiya sau goma sha biyu. Inda ta ƙare, nan ne iyaka. Ruwan damina yakan kwashe turaku, saboda haka kowace shekara sai an sake awo. Manomin nan shi ke riƙe da igiyar garinsu.

Shekara bakwai ke nan awon ba ya dacewa. Waɗannan su kafa turke, waɗancan su tumɓuke su mai da shi baya. A wannan shekara aka tattake shuka, aka fasa wa mutum ɗaya kai. Hukumomin ƙasashen biyu suka hana ƙetarawa, suka ce in ba a daidaita ba kafin ranar kasuwa, za a rufe fadamar, kowa ya rasa.

Da yake ba halin haɗuwa, sai aka buɗe zaure a waya, aka zuba mutanen garuruwan biyu. Kwana uku ana magana, ba mai ji.

"Ɓarayin ƙasa!" in ji wani.

"Ku da ba ku iya ƙirga sha biyu ba, ku zo mu ara muku yatsu," in ji wani daga tsallake.

Wani ma ya turo hoton gona da aka ƙone, rai ya ɓaci, daga baya aka gane ba gonar yankin ba ce.

Ran nan, Talata, sai tsohon da ke riƙe da igiyar tsallake ya turo murya. Ya ce, "Ɗan'uwana mai igiya, ina gaisuwa. Na ƙirga sha biyu, kai ma ka ƙirga sha biyu. Ban ce ka yi ƙarya ba, ni ma ban yi ba. Mu bar auna mutane, mu auna igiyar. Kwanon rufi iri ɗaya muke saya a kasuwa ɗaya. Kowa ya shimfiɗa tasa ya auna da fallen kwanon, a ɗauki bidiyo a waya ba yankewa."

Ya turo nasa. Falle goma daidai, kuma babu ƙulli daga kai har gindi.

Manomin ya shimfiɗa tasa a tsakar gida, ya jawo falle ya auna. Goma, da ragowar kamu ɗaya, daga gwiwar hannu zuwa yatsa. Ya sake. Haka dai. Sai idonsa ya sauka a kan wani ƙulli kusa da ƙarshe, ya tuna. Shekara bakwai da suka wuce gara ta ci bakin igiyar. Shi ya ƙulla sabuwar fata, da ido ya kimanta, bai gaya wa kowa ba. Kamu ɗaya sau goma sha biyu ke nan igiyarsa take ci a ƙasar tsallake. A wannan wurin kuwa fangali huɗu ne na albasa, kuma nasa ne.

Matarsa tana tsaye da wayar a hannu. Ta ce, "Maigida, tura ragowar ƙarƙashin kwanon mana. Waya ba ta ganin abin da ba ka nuna mata ba."

Ya sake duban ƙullin.

Ta ce, "Ba albasar nake ji ba. Wanda aka fasa wa kai ɗan ƙanenka ne. Da wane ido za ka dubi uwarsa?"

Ya ce, "Ɗauka. Fara daga ƙullin."

Ta ɗauka. Abin da ya faɗa bai da yawa. "Ga ƙulli. Ni na ƙulla. Tawa ta fi da kamu ɗaya. Iyakarku ce daidai."

Zauren ya fashe da hayaniya. Mutanen garinsu suka ce ya kwance musu zane a kasuwa. Wasu a tsallake suka yi ta dariya. Sai tsohon ya sake magana. Ya ce, "Mai dariya ya rufe baki. Da tawa gara ta ci, ban san abin da zan yi ba. Ɗan'uwa, ƙasar tamu ce, albasar bana taka ce. Kai ka yi mata ban ruwa."

Ba a rufe fadamar ba.

Ma'anar wannan misali ita ce: igiyar nan ita ce abin da kowannenmu yake auna gaskiya da shi. Yawancinmu ba maƙaryata ba ne. Muna ƙirga daidai, amma da igiyar da muka yi wa ƙari, muka manta. Gara ta ci wani wuri a labarin, muka cike da zato, da abin da aka ce an ce, da tsohon fushi. Garuruwan nan shekara bakwai suna zargin juna, ba wanda ya zargi igiya.

Wayar ba ta sulhunta kowa ba. Kwana uku ta yi tana kai zagi da sauri. Ta yi amfani ne sa'ad da suka yarda da abu ɗaya da za su auna da shi, mutum ɗaya kuma ya nuna ƙullinsa. Haka yake tsakanin ƙasa da ƙasa, haka yake a zauren ƙungiyar mata da na matasa na wannan ikkilisiya. Kafin ka tura magana, ka tambayi kanka: na gani ne, ko na kimanta? In ka tarar ƙarin naka ne, ka faɗa a wurin da ka yi gardamar, ba a kunnen mutum ɗaya ba. Zai yi ciwo. Za ka iya rasa fangali huɗu da gaisuwar danginka. Amma abin da ka tura ƙarƙashin kwano, Ubangiji yana ganinsa.

Manomin kuwa, washegari da safe ya ɗauki wuƙa ya yanke ƙarin. Ya je fadama ya mai da turke baya kamu goma sha biyu. Daga nan ya wuce gidan ƙanensa, ya tsaya a ƙofa, ya yi sallama.