Manhajar da ta amsa sallama

Ranar Talata, ƙarfe goma na safe, Malam Ɗantsoho ya tsaya a bayan ɗalibai mata uku masu aiki tare a ɗakin kwamfuta na wata kwaleji a Gusau. Gasa ake shiryawa: a rubuta manhaja da harshen Python wadda za ta tambayi nauyin yaro a baƙin allo, ta karanta amsar da aka rubuta, ta faɗi awon magani. Ladan kuwa gurbin ƙaro karatu ne guda ɗaya tak.

Ya ga ɗaya daga cikinsu, Sawwama, ta rubuta tambayar da Hausa.

"Goge wannan, ko in cire sunanku."

"Malam, cire," in ji ta. "Wadda za ta yi aiki da ita ba ta jin Turanci."

Bai cire ba, amma ya daina leƙa aikinsu. Sawwama kuwa ko a jikinta.

Baraka kuwa ta tuna mahaifinta, wanda ko mai labaran rediyo ya yi sallama sai ya amsa. Ta ce dattijo ba ya fara magana da lamba. Sai ta koya wa manhajar gane gaisuwa, ta amsa, sannan ta maimaita tambaya. 'Yan ajin suka yi ta dariya.

Hindatu ba ta yarda da yatsan kowa ba. Ta sa manhajar ta ƙi duk nauyin da yaro ba zai kai ba, ta sake tambaya ko sau nawa ne.

Ranar gasa alƙalai suka kawo Iya Tabawa, tsohuwar ungozoma mai ɗan karatun yaƙi da jahilci, ta gwada. Manhajojin Turanci ta dube su ta wuce. A wata manhajar da aka fassara mata tambayar, ta rubuta "salamu alaikum", nan take allo ya cika da kuskure.

Da ta zo kan ta su Sawwama, ta karanta da kanta. Ta yi sallama, aka amsa mata.

"Kun ga mai tarbiyya," in ji ta, tana hararar Malam.

Za ta rubuta 12, yatsanta ya daɗe a kan 2, ya zama 122. Manhajar ta ce, "Iya, yaro bai kai haka ba, sake rubutawa." Ta sake, awo ya fito daidai.

Suka ci gasar. Aka miƙo takarda mai layin suna ɗaya.

To, Sawwama da ta sa aka karanta, da Baraka da ta sa aka shiga, da Hindatu da ta hana a zuba wa yaro magani fiye da kima, sunan wa za a rubuta?