Kifin da Ya Dawo Gida

An yi wani mutum a nan cikin Katsina, wajen Ƙofar Kaura. Ba zan faɗi sunansa ba, don yana da jika, kuma yarinyar ba ta yi wa kowa laifi ba. Sana'arsa kifi. Yana zuwa wani dam da ke bayan gari ya kama, ya yi banda, ya kawo wa mata masu sayarwa a kasuwa.

Ya 'yan uwa, waɗanda ba su san harkar ba, bari in yi muku bayani. A wancan ruwan akwai doka. Duk mai kamun kifi, ranar Alhamis sai ya je wurin ma'aikacin da aka ajiye a bakin dam ya ba da rahoto: a wane gefen ruwa ya yi kamun, da wace irin koma, kifi wane iri. Sai a ba shi 'yar takarda ya ɗaura a kwandonsa. Kwandon da ba shi da takarda, mai saye ba ta taɓa shi. Masunta suna ƙorafi, suna cewa wahala ce. Wahala ce kuwa, amma ita ke sa mutum ya ci kifi ya kwana lafiya.

A bakin wannan dam akwai wani dattijo, Malam Zakari, shi masunta suka sa gaba. Kifinsa sananne ne. Idan ya gama banda, sai ya ɗaure bakin kwando da kaba, ƙulli biyu, ɗaya bisa ɗaya. Haka ya ga ubansa yana yi. Mata a kasuwa ko takardar ba su duba, da sun ga ƙullin nan hankalinsu ya kwanta.

To wata shekara Malam Zakari ya iske mutumin namu yana jan ruwa da gidan sauro. Gidan sauron da aka raba don 'ya'yansa su yi barci, shi ya ɗinke ya mai da koma, yana kwashe 'ya'yan kifi waɗanda ba su kai ɗan yatsa ba. Ya yi masa magana sau ɗaya, ya yi sau biyu. A na uku, da ma'aikaci ya tambaye shi, ya faɗi abin da ya gani. Aka ƙwace kayan, aka hana mutumin shiga ruwa damina guda, labari ya zagaya kasuwa.

Me mai hankali zai yi? Ya ji kunya, ya tuba, ya gyara. Shi wannan sai ya ɗauki abin ya ajiye a zuciya. Shekara uku yana gaida dattijon da fara'a, yana tambayar iyali, ƙiyayyar kuwa tana nan daram. A gida ya tara matarsa Hajo da yara ya yi rantsuwa: muddin yana numfashi, kifin Zakari ba zai shiga tukunyar gidansa ba.

Ana nan sai ga wata damina mai ƙarfi. Aka kwana biyu ana ruwa, dam ya cika ya tumbatsa, ya bi ta kan rumfunan masunta. Kwale-kwale ya tafi, komaye suka tafi, gangunan banda suka nutse cikin laka. Gadar da ake bi zuwa bakin ruwa ta karye. Mutanen da jiya ke ciyar da gida ashirin suka wayi gari suna neman inda za su shimfiɗa tabarma.

Sai hukuma ta duba ta tausaya. Aka sanar cewa na wata uku an ɗauke wa masunta zuwa ba da rahoto, an ɗauke takardar kwando. Wanda ya samu ɗan abin da ya kama, ya kai kasuwa kai tsaye, ya samu na tuwo. Wallahi wannan alheri ne, kuma Allah ya saka wa wanda ya kawo shawarar. Mutumin da ya rasa kwale-kwale, za ka ce ya yi tafiyar awa biyu a laka don ya cika takarda?

Kowa ya ji sanarwar ya ce alhamdu lillahi. Mutumin namu ya ji, shi ma ya ce alhamdu lillahi, amma abin da yake godewa daban ne. Ya ga babu takarda, babu mai tambaya, abin da ya rage a kan kwando ƙullin kaba ne kawai. Kaba kuwa ba ta da wuyar samu.

Da ruwa ya janye, ya bar wani babban kududdufi a gefen dam, kifi ya maƙale a ciki, tarwaɗa da karfasa. Mutumin nan ya zaɓi ranar Juma'a. Ku saurara da kyau: ranar Juma'a, da rana tsaka, lokacin da kowa ya yi wanka ya nufi masallaci. Liman yana kan mumbari, shi kuma yana tsaye bakin kududdufi yana tsiyaya maganin ƙwarin gona a cikin ruwa. Kafin a sallame salla kifi ya taso ya juya ciki sama. Ya kwashe, ya kai wani kango, ya yi banda, ya cika kwando huɗu. Ya zauna ya ɗaure kowanne da kaba, ƙulli biyu, ɗaya bisa ɗaya.

Kun san abin da ya gaya wa ransa? Wai ba kisa yake nufi ba. Wai mutum biyar ko goma su yi ciwon ciki, a bi sawu a ga ƙullin Zakari, a tozarta tsohon a kasuwa yadda aka tozarta shi. Ka ji mai auna guba da ido! Wa ya ba ka ma'aunin cikin mutane? Ka san wanda zai ci? Ka san mai ƙarfi ne ko marar lafiya, tsohuwa ce ko mai ciki?

Ya kai kwandunan wurin wata mai sayar da kifi, Tabitha, mutumiyar Filato da ta shekara ashirin a kasuwar nan ba a taɓa jin ta da wani abu ba. Ta duba ƙullin, ta duba shi.

Ta ce, "Malam, kai da Baba Zakari? Yaushe?"

Ya ce, "Ai ambaliya ta shirya mu. Ƙahwa ke damun shi, ya ce in kawo mashi."

Ta ce, "To madalla, haka ake so." Ta karɓa da zuciya ɗaya.

A daidai wannan lokacin akwai maijego a gidansa. 'Yarsa ta fari, Suwaiba, ta zo gida haihuwar fari kamar yadda aka saba, ta sauka lafiya, ta samu mace. Kwana huɗu ke nan. Mutumin yana son Suwaiba, wannan ba zan hana shi ba. Kuma da yake ya san abin da ya zuba a kasuwa, sai ya yi dabara. Ya je wurin masu kiwon kifi a cikin gari ya sayo mai kyau, ya kai gida, ya ce wa Hajo da shi za a yi wa maijego farfesu, kada a sayi kifin kowa. Ya fita yana ganin ya toshe ƙofa.

Abu ɗaya ne bai sani ba. Shekara ashirin da biyar Hajo tana zaune da shi, ta san hannunsa. Ta san abin da aka kama shi da shi. Tun daga lokacin, duk sanda aka yi marar lafiya a gidan, ba ta dafa masa kifin mijinta. Sai ta saci jiki ta sayo na Malam Zakari, ta kwance ƙullin tun a zaure, ta ɓoye, don kada rantsuwar maigida ta tashi. Ranar nan ma haka ta yi. Kifin da ya kawo ta zuba a miyar gida. Ta yafa mayafi ta tafi wurin Tabitha, ta ga ƙulli biyu, ta yi murna har ta sayi ƙaramin kwando guda cur da ƙullinsa, don 'yarta ta ci mai tsabta.

Da la'asar ya dawo, ya ji ƙamshin farfesu da yaji. Ya leƙa ɗakin maijego, ya ga kwano a gabanta ta ci rabi ta ture.

Ya ce, "Haba Suwaiba, mi kika ci a nan? Cinye shi duka, ki sha romon. Don ke na sawo."

Ta ce, "Baba, na ƙoshi."

Ya ce, "Ki daure dai, ɗiyata, don ki samu nono."

Ta daure. Yarinya ce mai jin maganar ubanta. Ta cinye, ta ɗaga kwano ta shanye romon, yana tsaye yana sa mata albarka.

Kafin magariba amai ya fara. Washegari aka kwashe ta zuwa asibiti, aka tarar da wasu mutum tara a kwance da irin ciwon, daga Kambarawa har Ƙofar Sauri. Waɗannan masu ƙarfi ne, sun sha wuya sun tashi. Ita kuwa jikin jego ne, jinin haihuwa bai gama tsayawa ba, ga shi ta ci fiye da kowa. Ta kwana biyu ba ta san wanda ke kanta ba. Ranar da ya kamata a yanka ragon suna, a ranar aka shimfiɗa tabarmin gaisuwa a ƙofar gidan.

Shi har lokacin bai gane ba. Yana ta cewa ai kifin da ya kawo mai kyau ne. Sai da aka dawo daga maƙabarta, Hajo ta aika a kira shi cikin gida. Mata cike da tsakar gida. Ta kwance bakin zanenta, ta fito da 'yar kaba mai ƙulli biyu, ta ɗaga.

Ta ce, "Malam, na saɓa maka, ka yahe mani. Kihin Zakari na sawo mata, don ban yarda da kowa ba sai shi. To ga abin da ya yi mani. Zan yi addu'a, ka ce amin."

Ta ɗaga hannu ta ce, "Allah ya isa tsakanina da wanda ya kama kihin nan. Allah ka hana shi barci. Allah ka tona shi gaban mutane. Allah ka ɗanɗana mashi abin da ya ɗanɗana mani, ka sa ya ga abin da ya hi so a cikin likkahwani."

Mata suka ce amin. Shi kuwa yana kallon ƙullin da ya ɗaura da yatsunsa. Ta ce, "Malam, ba ka ce amin ba." Idanu suka juyo kansa. Ya buɗe baki ya ce amin.

Ya 'yan uwa, rabin addu'ar nan an riga an karɓa kafin ta roƙa. Sauran rabin bai daɗe ba.

Jami'ai suka bi sawu. Tabitha ta faɗi wanda ya kawo mata kwanduna. Aka kira shi, ya tsaya kan dabararsa: shi ɗan aike ne, kifin na Zakari ne, ga ƙulli nan shaida. Da ma lissafinsa ke nan, babu takarda, maganarsa ce da ta tsoho.

Sai ma'aikacin bakin dam ya buɗe littafinsa. Ashe tun da aka ɗauke rahoto, mutum ɗaya bai daina zuwa ba. Kowace Alhamis Malam Zakari sai ya naɗe wando ya ratsa laka da sandarsa, ya zo ya ce a rubuta: bai kama ko ɗaya ba, komarsa ta tafi, gangar bandarsa tana ƙarƙashin taɓo. Ma'aikacin ya sha ce masa, Baba ka huta, an yafe. Shi kuma ya ce ya saba, kuma ya fi son a san inda yake. Har gidansa ma'aikacin ya taɓa zuwa ya gani da idonsa. Mutumin da ba shi da koma, ba shi da wurin banda, ina ya samo kwando huɗu?

Aka bincika har aka gano kangon, aka ga toka da ragowar kaba da robar magani. Mutumin ya zauna a ƙasa ya faɗi komai. Da labari ya kai wa Hajo, ba ta yi kuka ba. Ta goya jaririyar ta fita, ba ta sake taka gidan ba. Aka ɗaure shi. Na ji an ce a can gidan yari, duk ranar da aka yi miya da kifi, sai ya koma lungu ya toshe hanci yana kiran sunan 'yarsa. Aka tambayi Malam Zakari ko yana da magana, ya ce ba shi da ita, Suwaiba a gabansa ta girma.

Wani zai ce, Malam, ba ka tausaya masa? Ina tausayin Suwaiba. Ina tausayin yarinyar da za ta girma ta tambayi abin da ya kashe uwarta. Shi kuwa ƙofar tuba a buɗe take, tsakaninsa da Ubangijinsa, amma ni ban da hawayen da zan ba shi.

Ku ji darasin. An yi wa mutane sauƙi don suna cikin masifa, shi ya mai da sauƙin makami. Ya ɗauka da aka rufe littafin bakin dam an rufe kowane littafi. Mala'ikun da ke kafaɗunka ambaliya ba ta karya musu gada ba, ba a ba su hutun wata uku ba. Kai mai awo, kai mai magani, kai ma'aikacin da shugabanka ya yi tafiya, me kake yi ranar da ba mai dubawa? Kai kuma da ka shekara uku kana kiwon ƙiyayyar wanda ya gaya maka gaskiya, ka tashi daga nan ka je ka same shi yau. Abin da ka zuba a kasuwa ba ka san tukunyar da zai faɗa ba, kuma matarka ma a kasuwar nan take cefane.

Allah ya jiƙan Suwaiba, ya raya abin da ta bari. Allah ya wanke zukatanmu daga riƙo da ƙeta. Allah ya sa mu ji tsoronsa a inda ba mai ganinmu. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye 'ya'yanmu daga aikin hannuwanmu. Amin.