Faya-fayan Malam Rabe

Akwai wani matashi a Kurmin Mashi mai suna Fahad, ma'aikacin gwamnati ne, girman kai ya yi masa katutu. Wallahi tun da na ji labarinsa raina yake a ɓace.

Mahaifinsa, marigayi Malam Rabe, ya bar faya-fayan CD da aka naɗi karatunsa na Alƙur'ani. A nan kaɗai muryarsa ta rage a duniya. Duk azumi mahaifiyarsu, Hajiya Indo, takan kunna su bayan la'asar.

Da na'urar kunna faifan ta lalace, Fahad ya ce zai juye karatun a kwamfutarsa. Ya sa faifai, ya kwashe sunayen surorin da suka bayyana a kwamfutar ya ajiye, ya danna ɗaya ya ji karatu na tashi. Bai lura ba cewa daga faifan da ke ciki sautin yake fitowa. Sunaye kawai ya kwafa, babu murya. Haka ya yi wa sauran.

Ƙanwarsa Na'ima ta ce, "Yaya, ka cire faifan ka sake kunnawa mu ji mana."

Ya daka mata tsawa. "Ke ce za ki koya mini kwamfuta? Tashi ki ba ni wuri!"

Da ana gyaran ɗaki kafin azumi, ya ce faya-fayan sun zama tarkace, kuma abin da ke ɗauke da ayoyi ba a zubar da shi a bola. Ya hura wuta a tsakar gida ya ƙone su, Na'ima tana roƙonsa ya dakata. Har alfahari yake yi wai ya girmama littafin Allah!

Ranar da aka kama azumi Hajiya ta zauna a kan darduma ta ce, "Fahad, sa mini Malam."

Ya danna, shiru. Ya sake dannawa, kwamfuta ta nemi a sa faifai.

Na'ima ta miƙe tsaye. "Ban faɗa maka ba? Ka mai da ni mahaukaciya! Yanzu sai ka tono shi daga toka!"

Hajiya ta ce, "Kashe abin nan. Malam dai Allah ne ya ɗauke shi, na yi haƙuri. Muryarsa kuwa kai ka ƙone."

Darasi: Kada girman kai ya hana ka sake duba aikinka don wanda ya yi maka gyara ƙaninka ne. Ku tura wa masu tsofaffin faya-fayai a gida, kafin wani ya yi irin ta Fahad.